Wayar da Ta Bi Ƙarƙashin Katanga

Da Hinda ta kwance murfin da ke manne a jikin bango, gidan zanzaro ne ya fara faɗowa, ya tarwatse a kan tabarma. Bayansa sai ga wayoyi sirara sun leƙo, ja da koriya da rawaya da baƙa, a cukurkuɗe kamar saiwar da aka tumɓuke. Ta hure musu ƙura, ta kankare bakin ɗaya da farce har jan ƙarfen ya yi ƙyalli.

"Iya, kin ga ikon Allah? Ko tsatsa ba su yi ba."

Hajiya Fanta tana kishingiɗe a gado, ƙafarta mai ciwo bisa matashi. Ta dubi ramin bangon, ta dubi autarta durƙushe a gabansa. Zafin bayan azahar ya cika ɗakin, irin na damina mai nauyin nan da kan sa mutum ya kasa bambance barci da farke. Can a kan tsamiyar tsakar gida wata kurciya tana ta maimaita kukanta.

Tun da ta zame a bakin rijiya bara, ƙashin ƙugunta ya karye, duniyar Hajiya Fanta ta tsuke, ta koma daga gado sai ƴar rumfar ƙofar ɗaki. Babban ɗanta Abdussalam, da ke zaune a Damagaram, magana ɗaya ya yi: a kulle gidan Magarya a kawo ta wurinsa. Ita kuwa ta ce gidan da aka kawo ta tana amarya, daga cikinsa za a fitar da ita a makara. Hinda ce ta shiga tsakani. Tana aiki da wata ƙungiyar kiwon lafiya, aikin da kusan dukansa a ordinata, wato kwamfuta, ake yi, sai ta roƙi shugabanta ya bar ta ta riƙa yi daga gida. Ya yarda, amma da sharaɗi: in aikin bai riƙa isa biro, wato ofishinsu na Damagaram, a kan kari ba, ƙarshen wata ta tattara ta koma. Kowa kuwa ya san in Hinda ta koma, da tsohuwa za ta koma.

Rezo, wato sabis ɗin waya, shi ne ya zame musu ƙarfen ƙafa. A duk faɗin gidan, ba inda yake kamawa sosai sai benen da ke kan tsohon shagon marigayi Alhaji Maiwada, mahaifin Hinda, can bakin titi. A nan Hinda ta ajiye na'urar da ke kamo intanet. Amma daga benen zuwa ɗakin Iya akwai zaure, akwai soraye, akwai doguwar tsakar gida, ga bangayen ƙasa masu kauri da rezon kan zo ya tsaya a bayansu kamar suruki. Ta gwada zama a benen ta yi aikinta. Ran nan ta sauko ta tarar da uwarta a ƙasa, ta yunƙura za ta ɗauki buta ƙafar ta ƙi. Ba ta sake hawa ta daɗe ba. Ta sayo sabuwar waya ta ratsa ta tsakar gida bisa igiyar shanya, akuya ta taka turmi ta cinye ta. Da ta yi zancen huda bango, tsohuwar ta ce ba dai tana da rai ba.

Sai wata safiya tana share kan kabad, hannunta ya faɗa kan tsohon tarho, ruwan toka, lulluɓe da ɗan ƙyallen saƙa. Ta bi igiyarsa da ido har inda ta shige bango. Ta tsaya da tsumma a hannu tana murmushi ita kaɗai.

Yanzu ga ƙananan akwatuna uku a gabanta, kowanne bai fi tafin hannu ba. Anwar, ɗan yayarta mai fataucin kayan lantarki, shi ya taho mata da su daga Kano, biyu na aiki, ɗaya ko da wani zai ƙi.

"Ɗaya zan sa a bene, ɗaya a nan," ta ce. "Su ne za su riƙa magana da juna ta cikin tsohuwar wayar Baba. In kin ga fitilar nan ta tsaya koriya ba ta ƙiftawa, to mun zauna ke nan, ni da ke."

"Tarhon nawa fa?"

"Sai dai a zare shi, Iya. Ai ya mutu tun ina ƴar makaranta a lakwal."

Hajiya Fanta ta juya fuskarta ga bango. "Zare. Amma ki mayar masa da ƙyallensa."

Ta lumshe ido, sai ga shekarar da aka sa shi ta zo mata ɗungum, har da ƙamshinta. Zamanin gyaɗa ne, buhuna jibge a ƙofar shago har sun kai tsayin taga. Ma'aikatan gidan waya sun yini suna haƙa siririn rami a tsakar gida, suna zura waya cikin bututu, unguwa duk ta taru tana kallo. Da aka gama, Alhaji ya ɗaga na shago, ita ta ɗaga na ɗaki, ta ji muryarsa dab da kunnenta da rana tsaka, abin da bai taɓa faruwa ba. Kunya ta kama ta, ta ajiye da sauri ta rufe fuska da mayafi, alhali ita kaɗai ce a ɗakin.

Fitilar ba ta tsaya ba. Takan yi kore, ta ɗan jima kamar za ta zauna, sai ta shiga ƙifta ido. Hinda ta hau bene ta sauko har ƙafafunta suka yi tsami. Ta je zaure ta raba wayar gidan da guntun da ya rage na tsohon turken titi. Ta canza akwati. Ta sake kankare bakin wayoyin. Aikin biro yakan tafi rabi ya maƙale, ta zauna tana kallonsa da tagumi. Wata kuwa yana ta ƙarewa. Abdussalam ya kira ya ce an yi wa ɗakin Iya fenti, har an sa mata fanka. Hajiya Fanta ta ce Allah ya yi albarka, ta miƙa wa Hinda salular kamar mai miƙa garwashi.

Ran nan wajen hantsi Hinda ta shigo da yanar gizo-gizo a ɗankwali.

"Iya, na gano wani abu a soron tsakiya, bayan tsofaffin buhunan nan. A can wayoyin suka haɗu. Ɗaya ta tafi shago, ɗaya ta taho nan. Amma akwai ta uku. Ta nutse ƙasa ta yi gabas, wajen katanga. Ina jin ita ke shanye mana maganar, ta tafi ta ɓata a can. Ina ta nufa?"

Tsohuwar ta daɗe tana gyara zaman matashinta.

"Wurin Kyauta."

Hinda ta san sunan, kamar yadda ta san katangar. Inna Kyauta matar Baba Sule ce, ƙanen mahaifinta. Da can gida ɗaya ne, sashe biyu, tukunya ɗaya ranar salla. Sai ƴan'uwan biyu suka saɓa a kan garkar raken mahaifinsu da ke Guci. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma waɗannan ba su shirya ba har ƙasa ta rufe su. Aka ja katanga ta raba tsakar gidan, Baba Sule ya fasa tasa ƙofar ta wani lungu daban. Hinda ta tashi tana gaida ƴaƴan can a hanya, gaisuwar mutunci, ba shiga ba fita.

Abin da ba ta sani ba shi ne abin da Iya ta shiga faɗa yanzu, a hankali, idonta a kan azara.

"Ni da ita ba mu taɓa ko musu ba. Yarinya ce aka kawo ta daga Mallawa, tana kuka, ni na koya mata tuƙa tuwon gida mai yawa. Da aka sa tarho, mahaifinku ya ce a ja wa ƙanensa ma. In mazan sun tafi kasuwa, sai ta ƙwanƙwasa tasa da ludayi, in ji, in ɗaga nawa, ta ɗaga nata. Layin yana ta ƙugi a kunnenmu, mu muna ta hirarmu a kan ƙugin. Ga ƙofarta ga tawa, amma mun fi son ta nan. Ƙuruciya dai." Ta yi ƴar dariya. "Da aka yi katanga, sun manta da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mun shekara da shekaru muna yi, ba wanda ya sani. Haihuwarki ma ta nan ta yi mini barka. Sai wata damina iska ta kayar da turken titi. Lokacin salula ta shigo, ba wanda ya damu a gyara. Na ɗaga, shiru. Shi ke nan."

"Ba ki nemi lambarta ba?"

"Da idon mahaifinki? Da ya rasu, na zuba ido kwanakin zaman makoki duka. Ba ta zo ba. Na san hana ta aka yi, amma zuciya ba ta san wannan ba. Da nata ya rasu, ni ma ban je ba. Ni ba wanda ya hana ni."

Hinda ta sunkuyar da kai tana juya almakashi a hannunta.

"Iya, abin mai sauƙi ne. In na datse reshen a soro, yanzun nan fitilar za ta tsaya. Kafin azahar na aika aikina."

"In ba ki datse ba fa?"

"Sai na je can na ga abin da ke ƙarshenta. Wataƙila ya gyaru, wataƙila ba zai gyaru ba. Kuma sai in an bar ni na shiga."

Kurciyar nan ta tsamiya ta yi shiru. Hajiya Fanta ta tuna ɗakin da aka yi wa fenti a Damagaram, ta tuna kwanakin da suka rage wa wata. Datsa ɗaya, ta tsira da gidanta. Ta dubi almakashin.

"Ajiye shi. Ɗauki mayafinki."

"Me zan ce mata?"

"Ki ce kin zo duba waya."

"Ba saƙo?"

"Waya aka ce ki duba."

Daga wannan ɗaki zuwa wancan, in da tsuntsu ne, fuka biyu ya isa. Amma mai ƙafa sai ya fita titi, ya bi ta gaban masallaci, ya zagaya ta wurin mai niƙa, sannan ya shiga lungu. Hinda ta tafi. Gidan ya yi tsit. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya bai yi ruwa ba, hasken ɗakin ya koma ruwan zuma.

Hajiya Fanta ba ta san sa'ad da barci ya ɗauke ta ba, in ma barcin ne. Ta ga kanta ta ƙanƙance, ta shige ramin bango, tana tafiya cikin bututu da ƙafafunta biyu lafiya lau, ba sanda. Ciki da sanyi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ta wuce ƙarƙashin turmi, ta ji dakan da ta yi shekara da shekaru yana amsawa a samanta. Ta wuce saiwoyin tsamiya. Duk inda ta sa ƙafa, tsofaffin maganganu ne zube kamar gyaɗar da ta faɗo daga buhu: kin sa kanwa kuwa, yaron ya kwana da zazzaɓi, aro mini zanen nan naki mai ganye. Ta duƙa tana tsinta tana zubawa a haɓar zane. Da ta iso gindin katanga sai ta ga ashe a ƙasa ba ta da tushe mai zurfi, ɗan sunkuyawa kawai ake yi a wuce. Can gaba ga Kyauta zaune, hannuwanta ɗaure da lalle, ta maƙale tarho da kafaɗa, tana dariya ba sauti.

"Iya. Iya, tashi ki gani."

Ta buɗe ido. Hinda ce tsaye, mayafi a kafaɗa, tana nuna akwatin da ke gindin bango. Fitilar ta tsaya cak, koriya shar kamar ɗanyen ganye.

"Yana nan, Iya, nata tarhon. A kan akwatin kayanta, ta lulluɓe shi da ɗankwali. Ɓeraye ne suka ci igiyar, wayoyin suka haɗe da juna, shi ya sa. Na raba su. Kuma kin san Mubina, autarta mai koyarwa a kwaleji? Ita ma da ordinatarta, kullum sai ta je bakin kasuwa neman rezo. Sai na sa musu akwatin nan na uku. Yanzu duk abu ɗaya ne, bene da nan da can."

"Ita fa? Me ta ce?"

"Da na yi sallama ta daɗe tana kallona. Ta ce na ɗauko goshinki. Ta zauna tana kallon aikin har na gama. Sai da zan fito ta ce, ƙafar tata fa?"

"Kika ce me?"

"Na ce da sauƙi."

"Ƙarya kika yi mata," in ji tsohuwar, ta ja mayafi ta goge gefen idonta.

A ranar Hinda ta aika duk aikin da ya taru, ya tafi sumul kamar an zuba ruwa a gangare. Shugabanta ya amsa da kalma biyu ta yabo. Ta kira yayanta ta shaida masa, ya ce to, ɗakin dai yana nan. Hajiya Fanta tana jin su, amma hankalinta ba ya wurin. Ta kwana tana duban ƴar fitilar nan.

Washegari bayan la'asar, da iska ta ɗan yi sanyi, Hinda ta taimaka mata ta fito rumfa, ta jawo waya ta ƙofa, ta ɗora ordinata a kan kujera ƴar tsugune.

"Mubina ta ce Inna Kyauta na son gaishe ki. In kin yarda."

"Yanzu?" Ta shafa kanta. "Miƙo mini ɗankwalin nan mai ruwan goro. Da kwalli."

Gilashin ordinatar ya yi duhu, ya yi haske, sai ga fuska ta cika shi, ta matso har ba a ganin komai sai hanci da ido ɗaya. Aka ji Mubina na cewa, "Inna, ja baya kaɗan." Fuskar ta ja baya. Wata tsohuwa ce, kumatu sun zurma, furfura ta leƙo ta gefen kallabi. Hajiya Fanta ta nemi yarinyar Mallawa a cikinta ta rasa, sai da tsohuwar ta buɗe baki wushiryar da ta sani ta bayyana.

"Yaya!" Kyauta ta ƙwala, irin ta wanda bai yarda na'ura na ji ba sai an ɗaga murya. "Yaya Fanta, ke ce?"

"Ni ce, Kyauta. Kin tsufa."

"Ke kuma fa? Wallahi na zaci surukarmu Hajiya Babba ce ta dawo!"

Dariya ta kama su, irin wadda ba ta da nisa da kuka. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta yara da ta jikoki, da damina, da ƙafa, da gwiwa. Hinda ta koma gefe ta zauna a kan turmi.

Da gaisuwa ta ƙare, Kyauta ce ta fara. Muryarta ta sauka.

"Yaya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji. Ban yi miki ba sai yau. Ran nan na sa mayafi har na kai zaure, aka dawo da ni."

"Amin. Ke ma ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam Sule, ya sa can ta fi nan. An ce zumunta a ƙafa take. Lokacin da nake da ƙafar ban taka ba."

"Bari, Yaya. Su da suka yi abinsu yanzu suna kwance maƙabarta ɗaya, ko katanga babu."

Daga nan hira ta ɓalle kamar an buɗe madatsa. Wa ya mutu, wa ya yi aure, garkar Guci da rairayi ya cinye rabinta ba wanda ya mora. Hinda ta sa baki ta ce maganar nan tasu sai ta je har bayan teku ta dawo kafin ta isa kunnen ɗayarsu. Kyauta ta riƙe haɓa ta ce to Allah ya sa mutanen can ba sa jin Hausa. Muryarta ta sake hawa, tana ba da labarin wata jikarta da aka kai Sassumbrum, tana kwatance da hannu, hannun na fita daga gilashi yana dawowa.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Fankar ɗaki ta yi juyi biyu ta tsaya. Fuskar Kyauta ta daskare a gilashi, baki buɗe, hannu a sama.

"Kash," in ji Hinda, ta miƙe. "Akwatunan sun mutu. Sai an dawo da ita, Iya."

Hajiya Fanta ta ɗaga mata hannu.

Labarin bai tsaya ba. Yana ta zuwa, siriri amma tangaran, ba daga kujera ba, daga sama, ta kan katanga, tare da ƙamshin hayaƙin wani murhu. Kyauta ba ta lura ba, ta kai har inda aka sauke amarya, sannan ta dakata.

"Yaya? Mubina, ta ƙi motsi. Yaya, kina ji na kuwa?"

Hinda ta dubi uwarta. Tsohuwar ta dafa sandarta, ta gyara zama, ta juya fuskarta daga gilashin zuwa katangar. Ta yi gyaran murya.

"Ina jin ki," ta ce da ƙarfi. "Ci gaba. Sai aka yi yaya?"